Ƙaramar ƙasa a ƙungiyar tattalin arzikin yanki: riba take ci ko danne ta ake yi?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai karantar kimiyyar siyasa. Kullum ana gaya mana cewa mafitar ƙananan ƙasashe ita ce su haɗe tattalin arzikinsu da na maƙwabta, a cire kuɗin fito, a yi kasuwa ɗaya, wani lokaci har da kuɗi ɗaya. Ni kuwa gani nake zaman kashin dankali ne: babbar ƙasar yankin ta cika kasuwar ƙaramar da kayanta, masana'antun ƙaramar su mutu, sannan a ce ta sarayar da ikonta na yin doka. Ga Singafo nan, ita kaɗai ta tsaya kuma ta yi arziki. Da gaske ƙaramar ƙasa tana cin ribar wannan haɗaka, ko ya fi mata ta yi zamanta?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka biyu ce a haɗe. Ta farko ta riba ce: idan aka buɗe iyaka, wa zai sayar, wa zai saya, kuma a ina masana'anta za ta zauna. Ta biyu ta iko ce: me ƙaramar ƙasa take bayarwa idan ta yarda a riƙa yanke mata hukunci a wata hedikwata da ke wajen ƙasarta. Bari in gaya maka matsayina tun yanzu don ka san inda na dosa. Tsoronka yana da tushe, tarihi ma ya ba ka shaidu. Sai dai "yin zamanta" da ka ambata zaɓi ne da ƙaramar ƙasa ba ta da shi tun farko, domin ko ta shiga ƙungiya ko ta ƙi, dokokin da take ciniki a kansu wasu ne suke rubuta su. Abin dubawa shi ne sharuɗɗan shigar, kuma a nan ƙungiyoyin suka sha bamban ƙwarai.

Halin da take ciki kafin ta shiga komai

Kamfanin siminti ko na haɗa motoci sai ya yi kaya masu yawan gaske kafin kuɗin da ake kashewa kan kowane guda ya sauko. Kasuwar mutum miliyan ɗaya ba ta iya shanye wannan kayan, don haka ba a gina kamfanin. Sai ƙasar ta dogara da abu ɗaya ko biyu da take sayarwa waje, ma'adini ko kifi ko tufafi ko masu yawon buɗe ido, sauran bukatunta duk shigo da su take yi. Ga kuma ɗawainiyar zama ƙasa. Mai mutum miliyan 80 babban banki ɗaya take bukata, mai mutum dubu 100 ma ɗaya take bukata. Haka kotun ƙoli, haka hukumar tantance magunguna, haka ofisoshin jakadanci. Nauyin kusan ɗaya ne, masu ɗaukarsa ne suka bambanta.

Dubi abin da ya sami Antigwa da Barbuda, tsibiran da mutanensu ba su kai dubu 100 ba. A 2003 suka kai Amurka ƙara gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya kan hana kamfanoninsu na cacar intanet shiga kasuwar Amurka. Sun yi nasara. A 2007 aka ba su izinin ramawa har dala miliyan 21 a shekara, ta hanyar daina kare haƙƙin mallakar fasahar Amurkawa. Ba su taɓa amfani da izinin ba, domin wanda masu yawon buɗe idonsa da hada-hadar bankunansa suke bi ta Amurka ya san wa zai ji jiki idan aka fara ramuwa. Hukunci a hannu, biyan bukata babu. Tun Disambar 2019 ma sashen ɗaukaka ƙara na ƙungiyar ya daina aiki saboda Amurka ta hana naɗa sababbin alƙalai. A Afrilun 2025 kuma aka wayi gari Amurka ta sanar da harajin kashi 50 cikin ɗari kan kayan Lesoto, ƙasar da masana'antun tufafinta suka dogara da kasuwar Amurka. Daga baya an sauke shi zuwa kashi 15, amma masu saye sun riga sun janye odarsu.

Na sha ganin wannan ƙanƙanta da idona a zauren tattaunawar ciniki. Tawagar babbar ƙasa za ta zo da lauyan da ba shi da aiki sai ƙa'idojin asalin kaya, wani na noma, wani na sadarwa, wani na kwastan. Ƙaramar ƙasa ta turo jami'i ɗaya ko biyu, ga kwamitoci suna zama lokaci guda a ɗakuna daban-daban. Za ka gan shi tsaye a baranda da jadawali a hannu yana zaɓen ɗakin da zai shiga, alhali ya san duk abin da aka amince da shi a sauran ɗakunan zai hau kan ƙasarsa. Wannan ne ikon da ake cewa kada a sarayar.

Game da Singafo, labarinta ya fi goyon bayan malamanka. Ita da kanta ta nemi shiga tarayyar Maleshiya a 1963, kuma babban dalilinta shi ne kasuwar bai-ɗaya. Kasuwar ba ta samu ba, rikicin siyasa ya raba su a ranar 9 ga Agustan 1965. Bayan shekara biyu kacal tana cikin ƙasashe biyar da suka kafa ASEAN, ƙungiyar ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, kuma a birninta aka sa hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta ƙungiyar a 1992. A 2005 ita da Burunai da Chile da Niyuzilan suka ƙulla wata ƙaramar yarjejeniya, wadda daga baya ta faɗaɗa ta zama babbar yarjejeniyar ƙasashen gaɓar Fasifik, har da Japan da Kanada. Wato ƙananan ne suka fara rubuta dokar, manya suka zo suka tarar. Ka ƙara da cewa tana zaune a bakin mashigin Malaka, ɗaya daga hanyoyin jiragen ruwa mafi cunkoso a duniya, abin da ƙasar da ba ta da ko gaɓar teku ba za ta iya kwaikwaya ba.

Inda kake da gaskiya

Tun 1950 masanin tattalin arziki Jacob Viner ya nuna cewa haɗin kwastan yana iya ƙirƙiro ciniki, yana kuma iya karkatar da shi kawai. Ka ɗauka ƙaramar ƙasa tana sayen firji daga nesa a dala 100, tana ɗora harajin dala 20 da ke shiga baitulmalinta. Maƙwabciyarta babba tana yin irinsa a dala 115. Da aka cire haraji tsakaninsu, na maƙwabciya ya fi araha a kanti. Mai saye ya tsira da dala 5, gwamnati ta rasa 20, ƙasar kuma ta biya 115 kan abin da take samu a 100. Bambancin ya tafi aljihun masana'antar maƙwabciya. Ƙananan ƙasashe da yawa kuwa kuɗin fito ne ginshiƙin kasafinsu, saboda shi ne harajin da ya fi sauƙin karɓa. Sannan mai zuba jari, idan aka ce masa kasuwar ta zama ɗaya, inda akwai tashar jiragen ruwa da wuta da ƙwararrun ma'aikata zai kafa kamfani, ya riƙa aika wa sauran.

Wannan yana cikin abin da ya rusa Ƙungiyar Gabashin Afirka ta farko. An kafa ta a 1967 da jirgin ƙasa ɗaya, kamfanin jirgin sama ɗaya, gidan waya ɗaya, amma masana'antu sun taru a Kenya. An yi ƙoƙarin gyara: an ba Tanzaniya da Yuganda damar ɗora wani haraji na wucin gadi kan kayan Kenya, an kafa bankin raya yankin da zai fi zuba kuɗi a cikinsu. Bai wadatar ba. Da Idi Amin ya ƙwace mulki a Yuganda a 1971, shugaban Tanzaniya Nyerere ya ƙi zama da shi, majalisar shugabannin uku ta daina haɗuwa. A 1977 komai ya watse, Tanzaniya ta rufe iyakarta da Kenya har 1983.

Yurugwai ma tana da nata ƙorafin a Mercosur, ƙungiyar Kudancin Amurka da aka kafa a 1991 da ita da Faragwai da Burazil da Ajantina. Mutanenta kusan miliyan uku da rabi ne, Burazil ta haura miliyan 200. Harajin bai-ɗaya na ƙungiyar an ɗinka shi ne daidai da jikin masana'antun manyan biyu. Da Burazil ta karya darajar kuɗinta a Janairun 1999 ba ta shawarci kowa ba, da Ajantina ta durƙushe a 2001 masu ajiya 'yan Ajantina suka kwashe kuɗinsu daga bankunan Yurugwai, ta faɗa nata rikicin a 2002. Kuma wani ƙuduri na shekarar 2000 ya ce sai tare za a tattauna yarjejeniyar ciniki da ƙasashen waje, shi ya sa da gwamnatin Yurugwai ta zamanin shugaba Lacalle Pou ta nemi ƙulla tata da Sin aka yi ta kai ruwa rana.

Abin da ke raba ƙungiya da ƙungiya

Idan ka sa waɗannan kusa da Tarayyar Turai, za ka ga bambancin ba ya cikin kyawun halin manyan ƙasashe. Jamus da Faransa ma son kansu suke yi. Dokokin zaman ne suka ɗaure su. Malta, mai mutum rabin miliyan da ɗoriya, tana da kujeru 6 a majalisar Turai, Jamus tana da 96, wato ƙuri'ar ɗan Malta ta kusa ninka ta Bajamushe sau goma a nauyi. Kowace ƙasa kwamishina ɗaya take da shi a hukumar zartarwar tarayyar. Kafin yawancin dokoki su wuce sai an sami kashi 55 na ƙasashen, masu ɗauke da kashi 65 na jama'a, don haka manya su kaɗai ba sa iya zartarwa. Maganar haraji kuwa sai kowa ya yarda. Sama da duka akwai kotu a Luksambog wadda hukuncinta yake hawa kan kowa, kuma kamfani ko mutum na iya tayar da dokar tarayya a kotun ƙasarsa. A ganina wannan kotun ta fi duk sauran muhimmanci ga ƙaramar ƙasa. Babba tana da hanyoyi da yawa na samun abin da take so. Ƙarama, rubutacciyar doka da alƙali mai iko su ne makaminta.

Ailan ta ga amfanin haka. Lokacin da ta shiga a 1973, fiye da rabin kayan da take fitarwa Birtaniya suke zuwa. Shiga tarayyar ce ta rage mata wannan dogaro, kamfanonin Amurka kuma suka riƙa sauka a can don su sayar wa Turai baki ɗaya. Da Birtaniya ta kaɗa ƙuri'ar ficewa a 2016, batun iyakar da ke tsakanin Ailan da arewacin tsibirin, wanda yake ƙarƙashin Birtaniya, ya zama sharaɗin da sauran ƙasashen tarayyar suka tsaya a kai tare. Ƙasa mai mutum miliyan 5 ta zauna da maƙwabciyar da ta mulke ta, wannan karon ita ce ke da goyon baya. Kwatanta da Nowe, wadda take cikin kasuwar bai-ɗaya ta Turai tun 1994 ba tare da ta shiga tarayyar ba: tana bin dokokin kasuwar, tana ba da kuɗi, ba ta da ƙuri'a.

Sai batun diyya ga wanda haɗakar ta cutar. Mercosur ta kafa asusun dala miliyan 100 a shekara, bisa tsarinsa na farko Burazil tana zuba kashi 70, Faragwai tana karɓar kashi 48, Yurugwai 32. Niyya ce mai kyau, kuɗin ne bai taka kara ya karya ba. Haɗin kwastan na kudancin Afirka, SACU, wanda ya samo asali tun 1910, ya tafi can ɗaya gefen. Ana tara kuɗin fito a tukunya ɗaya a raba bisa tsarin da ya fifita ƙananan, har a shekaru da dama kusan rabin kuɗin shigar gwamnatin Lesoto daga nan yake fitowa. Amma a aikace Afirka ta Kudu ce ke tsara harajin, bisa bukatun masana'antunta irin na motoci. Da cinikin duniya ya faɗi bayan 2008 tukunyar ta ragu, Eswatini ta kai ga kasa biyan albashi a kan kari a 2011. Diyyar da ke shiga albashi kai tsaye, ba hanya ko wuta ko makaranta ba, sabon dogaro take haifarwa.

Haɗakar da ba a cika koyarwa ba

A aji an fi ba da ƙarfi ga cire haraji, alhali ƙananan maƙwabta sau da yawa abu iri ɗaya suke samarwa, babu wani cinikin kirki da za su yi da juna. Cinikin ƙasashen Afirka a tsakaninsu kusan kashi 15 ne na dukan cinikinsu, na Tarayyar Turai kusan 60. Ga irin waɗannan ƙasashe ribar tana wajen haɗa aiki da haɗa baki.

Tsibiran gabashin Karibiyan, waɗanda jimillar mutanensu ba ta kai miliyan ɗaya ba, kotun ƙoli ɗaya suke da ita tun 1967, babban banki ɗaya tun 1983, kuma kuɗinsu yana tsaye a kan 2.70 ga dalar Amurka tun 1976. Tun 1986 tare suke sayen magunguna, su haɗa odar kowa su nemi farashi sau ɗaya. A Janeba, inda hedikwatar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya take, suna da ofishi na haɗin gwiwa, wanda shi ne maganin matsalar jami'in nan da ke tsaye a baranda.

Misalin da ya fi burge ni yana tekun Fasifik. Ƙasashe takwas, cikinsu akwai Tubalu da Nauru da kowannensu bai wuce mutum dubu goma sha wani abu ba, su ne ke da ruwan da ake kama kaso mai tsoka na kifin tuna da duniya ke sawa a gwangwani. A da, kamfanonin jiragen kamun kifi na Japan da Koriya da Taiwan da Amurka kowace ƙasa suke samu ita kaɗai, su ce idan ba ki rage ba maƙwabciyarki za ta rage. Abin da ƙasashen ke samu ɗan ƙaramin kaso ne na darajar kifin. Sun ƙulla yarjejeniyar Nauru tun 1982, amma sai a 2007 suka fito da tsarin da ya sauya lissafi. Suka daina sayar da lasisin shekara, suka koma sayar da ranakun kamu. Suka ƙayyade jimillar ranakun da za a yi a ruwansu baki ɗaya, suka raba a tsakaninsu, suka yanke farashin da ba wanda zai sauka ƙasa da shi, wanda ya kai dala 8,000 a rana a 2015. Kifin yana ƙaura gabas ko yamma gwargwadon ɗumin ruwa, don haka suka yarda ƙasar da kifi ya bar ruwanta ta sayar wa 'yar'uwarta ranakunta, abin da ya cire kwaɗayin karya farashi. Ana bin jiragen ta tauraron ɗan'adam, ana sa mai sa ido a cikinsu. Kuɗin da suke samu ya tashi daga kusan dala miliyan 60 a 2010 zuwa kusan miliyan 500 cikin shekara goma. Wannan tsarin bai bukaci cire wa juna haraji ko yin kuɗi ɗaya ba.

Amma haɗa baki yana tsayawa ne idan kowa na da abin da zai rasa in ya fice. A 2016 ƙasashen Gabashin Afirka suka amince su daina shigo da gwanjo don su farfaɗo da masaƙunsu. Amurka ta yi barazanar cire su daga tsarinta na AGOA, wanda a lokacin yake ba tufafinsu damar shiga kasuwarta ba haraji. Kenya, wadda ta fi kowa sayar wa Amurka tufafi, ta fara janyewa, Tanzaniya da Yuganda suka bi. Ruwanda ta tsaya a kan harajinta na dala 2.50 a kilo, a Yulin 2018 aka dakatar da gatan tufafinta ita kaɗai.

Maganar kuɗi ɗaya zan taƙaita, domin aikina ya fi karkata ga kaya da kwastan, wannan fagen ma'aikatan babban banki ne. Ƙasar da ta shiga kuɗin bai-ɗaya ta bar ikon karya darajar kuɗinta da na sa kuɗin ruwa. Girka ta ɗanɗana daga 2010, tattalin arzikinta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, a Sayifurus kuma a 2013 masu ajiyar da ta haura yuro 100,000 a manyan bankuna biyu sun yi asara. Amma ƙasar da kusan komai shigo da shi take yi, karya darajar kuɗi tsada kawai yake jawo mata, don haka abin da ta bari bai kai yadda ake zato ba.

Idan aka miƙo mini yarjejeniya in duba wa ƙaramar ƙasa, jawabin gabatarwa ba ya ɗaukar mini lokaci. Sashen warware saɓani nake fara buɗewa, in ga ko hukunci yana ɗaure babba, sai in nemi yadda za a cike giɓin kuɗin fito da tsawon wa'adin da aka ba ƙaramar. Inda na fi daɗewa shi ne rataye na ƙarshe, na ƙa'idojin asalin kaya, wanda ministoci ba sa karantawa. A nan ake faɗin kashi nawa na darajar kaya dole a ce an yi shi a cikin yankin kafin a yafe masa haraji. A ASEAN, misali, ma'aunin da aka saba shi ne kashi 40. Na taɓa tsayawa a wata iyaka ina kallon motar kaya daga wata ƙaramar ƙasa, an ajiye ta gefe, direba yana riƙe da takardar shaidar asali mai hatimi, jami'in kwastan na babbar maƙwabciya yana cewa yadin da aka ɗinka rigunan daga wajen yankin ya zo, sai an biya cikakken haraji. Bisa rubutun yarjejeniyar, jami'in ne mai gaskiya. Ƙasar da ke da gonar auduga da masaƙa da rini ita ce ta nemi a rubuta haka, wadda ɗinki kawai take yi ba ta da kowa a ɗakin ranar da aka amince. Idan za ka yi nazarin wata ƙungiya, ka duba ko an yarda a haɗa darajar da aka ƙara a ƙasashe mambobi daban-daban a lissafa ta wuri ɗaya, da kuma ko an sassauta wa ƙananan ma'aunin.